Ƙafa ta Huɗu

Duk faɗin Arewa, daga Dogon Dutsi har Tibiri, in itace ya tsufa ya fara yi wa gida barazana, Halilu ake kira. Shekara ashirin da ɗoriya yana hawan itatuwa da igiya da injin zarto, sana'ar da ya koyo a Kwatano zamanin da yake zuwa cin rani, kuma bai taɓa sakin reshe a kan ko akuya ba. Mutum ne mai nawa, wallahi har ya ba ka haushi. Kafin ya taɓa itace sai ya zagaye shi, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, ya dafa gindinsa ya yi masa sallama ƙasa-ƙasa yadda tsofaffin masassaƙa ke yi. Yana kuma da wani sandan ƙarfe mai tsini, tsawonsa ya kai kafaɗa, wanda yake soka wa ƙasa duk inda za a ɗora nauyi.

Sallamar nan ce ta ja masa. Samarin kasuwa suka laƙa masa "mai gaida icce", har wata Juma'a wani ya tare shi a ƙofar masallaci, gaban jama'a, ya ce abin da yake yi shirka ne. Abin ya ci Halilu ƙwarai, don mutum ne da salla ba ta wuce shi. Ya bar sallamar tun daga ranar. Sunan dai bai bar shi ba.

Yana da ƙane guda, Tukur, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Tukur direban motar ƙugiya ne, irin mai dogon hannun nan da ke ɗaga kaya sama, a wani kamfani mai aikin gadoji wajen Kore Mairuwa. In Halilu na maganarsa sai ka ɗauka jirgin sama yake tuƙawa.

To, hadarin farkon damina ya tsage babban reshen wata tsohuwar tsamiya a Matankari. Reshen bai faɗi ba, ya tsaya a rataye bisa ɗakin wata dattijuwa, Sahura, da ɗakuna biyu na maƙwabta, yana ƙara duk sanda iska ta kaɗa. Autanta Abdul'aziz, ɗan kasuwa ne mai shago a Dutsi, shi ya karɓo takardar izini wajen ƴan gandun daji, ya ɗauko Halilu a babur. Ba mugun yaro ba ne, yana son uwarsa, sai dai ya hana ta duk wata maganar iskoki a gidan, kuma in ta fara sai ya haɗe fuska.

Halilu ya duba sama ya duba ƙasa, ya ga babu inda za a saki reshen nan. Ɗanyar tsamiya nauyi gare ta na tashin hankali, igiya ba za ta riƙe ba, ƙasa kuma ko'ina rufin mutane ne. Sai dai a ɗaure shi, a yanka gunduwa-gunduwa, ƙugiya ta ɗauke. Ya kira Tukur a waya.

Tukur ya ƙi da farko. Ya ce shi ba ya son tsofaffin garuruwa, cikinsu duk ramuka ne, tsohuwar salga nan, tsohon rami can, an cike an manta. Motar kuwa a kan ƙafafu huɗu na ƙarfe take tsayawa in za ta yi ɗauka, in ɗaya ta nutse shi ke nan. Halilu ya yi ta lallashi, ya ce tsohuwa ce ke kwana ƙarƙashin ajali, damina kuma yanzu ta fara.

"Sama na sani, Yaya," in ji Tukur. "Ƙasar Matankari ce ban sani ba."

"Bar mini ƙasa. Ni ne idonka."

Da wannan maganar Tukur ya roƙi shugabansa, aka ba shi motar ranar Lahadi.

Da hantsi suka iso. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta sha ta yi laushi. Motar ta shiga lungun da ƙyar, da baya, har ta goge katanga, kuma kafin ta tsaya rabin unguwa sun taru, don ba kullum ake ganin irin wannan a Matankari ba. Aka fito da Sahura daga ɗakinta aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar zaure. Abdul'aziz ya zo da abokansa ƴan kasuwa su biyar, sun sha fararen kaya, suna tsaye hannu a baya.

Fili ɗaya ne motar za ta iya tsayawa, a yamma da tsamiyar. Tukur ya nuna inda kowace ƙafa za ta sauka, ya zagaya bayan mota yana sauko da katakan da ake shimfiɗa musu. Halilu ya ɗauki sandansa. Ya soka a wuri na farko, ya danna da dukan ƙarfinsa, ƙasa ta riƙe. Na biyu haka. Na uku ma haka. Ya nufi na huɗu, wani ɗan fili kusa da katanga, shararre tas, babu turmi, babu turke, babu ko sawun kaza.

Sai muryar tsohuwar ta fito daga zaure.

"Ɗana, wanga wuri ba a taka shi. Na Doguwa ne."

Abdul'aziz ya ce, "Inna, don Allah," cikin muryar wanda aka kunyata gaban baƙi. Ta ce ita dai ta faɗa, tun da aka kawo ta gidan nan haka surukarta ta ce mata, shekara sittin tana share wurin daga gefe da doguwar tsintsiya, ko ɗiyanta ba ta bari su yi wasa a kai ba. Abdul'aziz ya ce ta yi shiru, ta kuwa ja bakinta. Ɗaya daga cikin masu fararen kaya ya yi dariya, ya ce ai an dace, ga mai gaida icce nan, sai ya durƙusa ya nemi izini a wuce wurin.

Kai, ɗan Adam! Halilu ya fi kowa a wurin sanin cewa inda tsofaffi suka hana takawa, sau da yawa akwai dalili a ƙasa. A Gesheme ya taɓa gano tsohuwar salga ta haka. Sandan na hannunsa, taku biyu ya rage, aikin da bai fi numfashi uku ba. Amma ido ya yi masa yawa. Ya ga in ya soka yanzu, daidai bayan maganar tsohuwa, za a ce Doguwa yake nema, gobe labari ya kai Dutsi, Juma'a a sake tare shi. Zuciyarsa ta yi zafi. Ya taka tsakiyar filin, ya buga diddige sau biyu don kowa ya gani, ya ce ƙasa ce kamar kowace ƙasa. Ya jingine sandan a katanga. Masu fararen kaya suka gyaɗa kai, shi kuwa, Allah ya yafe masa, har ya ji daɗi.

Tukur ya zagayo da katako a kafaɗa, bai ga komai ba.

"Yaya, huɗun duka?"

"Duka."

Bai ƙara tambaya ba. Ya shimfiɗa katakai, ya sauke ƙafafun, motar ta ɗan ɗaga ta zauna daram. Ya haye ɗan ɗakin da yake sarrafa hannun, a gefen yamma, ya ɗaga wa wansa babban yatsa.

Halilu ya ɗaura ɗamara ya hau. A sama aikin nasa ne, kuma ranar ma ya yi shi da kyau. Ya raba reshen uku da ido. Ya ɗaure gunduwar farko da sarƙa sama da tsakiyarta kaɗan don kada ta wuntsila, ya yi wa Tukur alama ya ja har sarƙar ta miƙe, ba ƙarfi ba sako-sako, sannan ya tada inji. Da zarton ya fita, gunduwar ta rabu a hankali, ta tashi bisa rufin ɗakin ba ta taɓa ko kara ba. Tukur ya juya ta gabas ya ajiye a lungu. Mata suka yi guɗa. Ta biyu ma haka ta tafi.

Ta uku ita ce ta gindi, mafi kauri, kuma lungun gabas ya cika. Dole a juya ta yamma, a ajiye bayan katanga. Halilu na sama da inji a hannu ya san abin da wannan ke nufi: in hannun ya juya yamma, nauyin mota da na itace duk a kan ƙafa ta huɗu za su taru. Ya leƙa ƙasa, ya hango sandansa jingine a katanga. Yana iya ɗaga hannu ya tsayar da aiki, ya sauko ya soka. Sai ya ce a ransa ai ta riƙe sau biyu, kuma me zai ce wa Tukur, cewa ɗazu ƙarya ya yi masa? Ya yanka.

Gunduwar ta tashi lafiya. Hannun ya fara juyawa. Ya kai rabi, sai aka ji wata ƙara daga ƙasa, irin ta busasshen itace in ya karye. Katakon da ke ƙarƙashin ƙafa ta huɗu ya shige, ƙafar ta bi shi, ƙasa ta buɗe baki. Motar ta karkata a hankali, a hankali har mutum ya yi zaton za ta tsaya, sannan ta kife gaba ɗaya a kan katanga, ta gefen da Tukur yake.

Halilu na ɗaure a sama, komai a idonsa. Igiyar da bai taɓa kuskure da ita ba ranar ta ƙi kwantuwa, yana ta kiran sunan ƙanensa. Kafin ya sauko mutane sun rufa da galma da shebur da jak ɗin motoci. An fi awa kafin a zaro shi. Ƙirjinsa ya danne, ƙafafunsa ba su da kyan gani, amma yana magana.

Ramin kuwa rijiya ce. Ana hango bakinta na dutse da ruɓaɓɓun azarorin giginya da aka shimfiɗa a kai aka rufe da ƙasa. Wani tsoho na unguwar ya ce lalle ya taɓa ji a bakin kakansa, wata mata ta faɗa ciki tun kafin zuwan mota garin, aka ce Doguwa ta ɗauke ta, aka rufe aka hana ambato. Maganar rijiya ta mutu da waɗanda suka rufe ta, hanin kaɗai ya rage a bakin mata. Sahura kanta ranar ta fara sani.

A gidan likita na Dutsi jandarma ya zo da takarda yana tambayar yadda aka yi. Halilu na durƙushe gefen gado ya buɗe baki, amma Tukur ya riga shi. Da ƙyar yake jan numfashi.

"Rubuta ba laihin kowa. Yaya ya gwada ƙasa, huɗun duka. Ni na tambaye shi."

Ya juyo da ido ya nemi hannun wansa ya riƙe, ya ce kada ya sa wa kansa damuwa, abin da ƙarfe bai gano ba mutum ba ya ganowa. Halilu ya so ya faɗa. Wallahi ya so. Amma ya yi ta ce wa kansa bari numfashin Tukur ya daidaita tukuna. Aka sa Tukur a mota za a kai shi Dosso, bai kai la'asar ba.

Kwana uku ana zaman makoki, babu wanda ya ɗora wa Halilu laifi. Waɗanda suka gan shi ya buga diddige ba su san ana soka huɗu ba, su dai sun ga ya yi ta soke-soke. Wasu suka ce Doguwa ce ta rama, wasu suka ce ƙaddara ce, har aka so a yi cacar baki a kan tabarmar gaisuwa. Abdul'aziz ya zo da abokansa, idonsa ja, ya ce bai taɓa ganin mai aiki da tsantseni irin Malam Halilu ba. Basira, matar Tukur, ta aiko daga cikin gida a ce wa Yaya ya ci abinci, mijinta ya tafi yana yabonsa. Kowace ta'aziyya sai ta zame masa duka, kuma ba shi da wanda zai ce wa a daina.

Bayan sati ya koma Matankari ɗaukar kayan aikinsa. An janye motar, an kewaye ramin da ƙaya. Tsamiyar na tsaye, yankan da ya yi mata fes, ɗakin tsohuwa ko tsagewa bai yi ba. Ya tarar da Sahura a zaure tana tsince wake. Ta yi masa gaisuwa, ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki, ta fito tana jan sandan ƙarfen a ƙasa don ya fi ƙarfinta.

"Na ajiye maka," ta ce. Ta dube shi, ba fushi a fuskarta. "Uku na ga ka soka, ɗana."

Halilu ya kasa ɗaga kai.

"Ban hwaɗa ma kowa ba. Wa ka jin maganata?"

Ta koma kan wakenta. Ya karɓi sandan ya fita, ya tsaya bakin ƙayar, gefen ramin inda ƙasa ba ta rufta ba tukuna. Ya ɗora tsinin, ya danna da hannu ɗaya, ba da ƙarfi ba. Sandan ya shige har mariƙi.