Faɗin Fuska a Allon Muhibbat

Tun ranar da Dalhatu ya hau tirelar shanu daga Arewa zai dawo Ibadan bai iso ba, Rahamatu ta rasa sunan da za ta kira kanta. Ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba. Wayarsa a kashe. An je tasha, an je kara inda ake sauke shanu, an tambayi direbobi har suka fara kauce wa idon mutane. Ita kuwa tana ɗakinsu na haya a unguwar Sabo, tana tuyar awara, tana ce wa ɗansu Hanzala Baba yana hanya. Makonni suka yi ta tafiya a haka.

Sai ga hoto ya ɓullo. Wai wata tirela ce ta kife a wani daji gaba da Jebba, mutanen ƙauyen da ke kusa suka yi wa mamatan sutura a ranar, amma wani mai hankali ya ɗauki fuskokinsu da waya kafin a rufe su. Hoton ya yi ta yawo, wannan ya tura wa wancan, har ya faɗo hannun Shu'aibu, yayan Dalhatu, mai sayar da albasa a kasuwar Shasha. Kafin ya iso ya sha wuya, duk ya dushe. Shu'aibu ya duba ya ce ƙaninsa ne, a sanar da liman, a fara takaba. Rahamatu ta duba ta ce ita ba ta ga kowa ba, kuma ba za ta yi wa mutum takaba da ransa ba.

Shu'aibun ne ya ce to a je a gani a babban allo. A tunaninsa, da na duk mutanen gidan, abin da ya ƙi fitowa a ɗan gilashin waya dole ya fito a na kwamfuta. Allah sarki.

Shagon Muhibbat suka nufa, can bayan masallaci. Bayarabiya ce haifaffiyar Sabo, Hausa a bakinta kamar a Kano aka yanke mata cibiya, aikinta buga katin biki da hoton fasfo. Ta san Rahamatu sarai, don kullum da hantsi sai ta aika a sayo mata awara.

"Pele, sannu Maman Hanzala, zauna nan," in ji ta, ta jawo mata kujerar roba. Ta karɓi wayar Shu'aibu ta jona, ta ɗan daddanna, hoton ya cika allo.

Mutum ne kwance kan tabarma, ido a rufe. Fuskarsa faffaɗa, kumatu cike, hanci a baje. Rahamatu ta matso har numfashinta na taɓa gilashin. Dalhatu doguwar fuska gare shi, siriri ne kamar karan dawa, ko azumi ko salla bai taɓa ajiye kumatu ba.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Yaya, duba da kyau don Allah. Yaushe Baban Hanzala ya yi wannan faɗin fuskar?"

Shu'aibu ya shafa gemu, ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu. "To, lallai kam. Wannan kamar ya fi shi jiki."

Wani daɗi ya taso mata tun daga ƙafa, irin wanda ta manta yadda yake. Ta yi dariya, hawaye na zuba, ta goge da bakin hijabi. Har ta fara tunanin yau za ta yi wa Hanzala shinkafa da wake, ta faɗa masa Baba yana hanya ba tare da ta sunkuyar da kai ba.

Muhibbat ce ba ta yi dariya ba. Hannunta na kan linzamin kwamfutar, ta ƙi ɗagawa, ta ƙi dannawa. Can ta nisa.

"Ku yi haƙuri, ban so in faɗa ba, amma Allah yana ganina. Allon nan ba a kan saitinsa yake ba. Idona ne ya yi rauni, na rage saitin don rubutu ya yi mini manya. Tun daga lokacin komai faɗi yake yi. Ko amarya siririya na sa, sai ta fito kamar uwar gida mai 'ya'ya biyar."

"To gyara mana," in ji Shu'aibu.

Rahamatu ta so ta riƙe mata hannu, amma da wane baki za ta ce a bari? Muhibbat ta buɗo wani jerin lambobi, ta zaɓi wadda allon ya ce ita ce daidai da shi. Allon ya yi baƙi kamar an ɗauke wuta, sannan ya dawo. Komai ya ƙanƙance, ya daidaita. Mutumin da ke kan tabarma ya rame a gaban idonta. Kumatun suka shige, hancin ya miƙe, fuskar ta yi tsawo.

Shu'aibu ya fara salati a hankali.

"Akwai tabo," Rahamatu ta ce da sauri. "Yana da tabo a ƙarƙashin idon hagu, inda wani sa ya taɓa tunkuyinsa. Matso da wurin."

Muhibbat ta matso da shi. Kuncin ya cika allo, ya farfashe ya zama ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu, wani ruwan ƙasa, wani baƙi-baƙi. Akwai duhu a inda tabon ya kamata ya kasance. Akwai kuma irin duhun a goshi, da kan tabarma, da ko'ina.

"Ƙara."

"Iyakarsa ke nan, Maman Hanzala. Allon ya ba da duk abin da yake da shi. Hoton ne ya lalace wajen ture-ture. Sai dai in an samo wayar da ta fara ɗauka."

Wa zai samo ta? Shu'aibu daga wani mai tumatir ya samu, shi kuma daga wani yaron mota, shi kuma ya ce bai tuna ba. Ko sunan ƙauyen babu wanda ya sani.

Rahamatu ta zauna tana kallon doguwar fuskar. Dogayen fuskoki nawa ne ke bin tirelar shanu? Ba su ƙirguwa. In ta ce shi ne, ta binne mijinta da bakinta, wataƙila yana can wani asibiti bai san inda kansa yake ba. In ta ce ba shi ba ne, wataƙila yana kwance a dajin mutane, matarsa na yawo da kwalli a ido, ko addu'ar uku ba a yi masa ba. Ta ji haushin Muhibbat da gaskiyarta, ta ji haushin kanta da ta ji haushin.

Shu'aibu ya zare wayarsa, ya tsaya a bakin ƙofa. "Rahamatu, me zan ce wa liman?"

Ba ta juyo ba. Hoton na nan a kan allo.

"Muhibbat," ta ce a hankali, "mayar da shi yadda yake ɗazu."

"Ai kin san ba daidai ba ne."

"Na sani. Ki mayar."

Allon ya sake yin baƙi, ya dawo. Mai faɗin fuskar ya bayyana, baƙon da ba ta taɓa gani ba, mijin wata. Ta gyara zama a kujerar roba ta zuba masa ido, Shu'aibu na tsaye yana jiran amsa.