Ruwa a Cibiyar Dami

Tun da ake sayar da harawa a Haɗejiya, da ido ake sayenta. Mai saye ya ɗaga dami ya jinjina, ya taɓe baki ya ce ko ɗan akuya ba zai ƙoshi da wannan ba, mai kaya ya yi ta rantse-rantse, a ƙarshe a sallama, kowa ya tafi yana ganin shi ya ci riba. Sai bana ga wani Alhaji Abdulganiyyu ya sauka da babbar mota da sikeli. Ya rataye sikelin a reshen darbejiya a bakin kasuwar dabbobi, ya ce shi da kilo yake saye. Abin da allura ta nuna shi ne kuɗinka, ba ciniki, ba albarka.

Fannami mai harawa ya daɗe a tsaye yana kallon allurar nan. Mutum ne da Allah ya ba shi wayo, amma bai nuna masa inda ake taka birki ba. Abin da ya lura da shi ɗaya ne: sikeli ba ya tambayar me ke cikin dami.

Gonarsa ta wake tana fadama, dab da kogi. Da sassafe ya kwance dammunansa, ya tsoma cibiyar kowanne a ruwa, ya lulluɓe da busasshiya, ya sake ɗaurewa da igiyar kaba. Bahago ne, ƙullinsa a juye yake fita, duk unguwarsu an san shi. Ranar nan allura ta yi rawa, Fannami ya koma gida yana gaida mutanen da ya daɗe da daina gaisarwa.

Daɗin kuɗi ya ja shi har kan rufin ɗakin matarsa Yagana. Can ta jibge harawar ragonta, wani fari mai baƙin wuya da ta ɗaure a turke tun yana ɗan ƙarami, tana ba shi dusa da kanwa, tana yi masa wanka da sabulun da take hana Fannami taɓawa. Shi ne ragon layyarsu, na farko da za a yanka a gidan a 'yan shekarun nan, kuma babu majalisar da Fannami bai yi cika baki da shi ba. Ya lallaɓa ta da cewa a sayar yanzu da tsada, in kasuwa ta faɗi ya sayo mata ninki. Ta yarda ba don ta so ba. Wannan ma sai da ta biya ta kogi.

Kasuwa ba ta faɗi ba. Da Sallah ta matso harawa ta yi wuyar samu, Alhaji Abdulganiyyu ya ga ba shi da dalilin ƙona mai zuwa wani gari, ya sauke kayansa ya shiga sayar wa mutanen gari, da kilo. Yagana ta gaji da jiran alkawari, ta aiki ƙaninta Sunusi ya sayo mata dami biyu a bayan babur. Har yabawa ta yi, wai wannan Alhajin akwai tsoron Allah, daminsa da nauyi.

Fannami na shigowa da la'asar ya hangi igiya a yashe kusa da turke, ƙullinta a juye. Nan take ya gane daminsa ne. Rago ya riga ya ci har ya kai cibiyar damin, inda ganyen ya yi baƙi yana tashin wari-wari. Magana ɗaya ta ishe shi ya ceci ragon, amma in ya yi ta dole Yagana ta tambayi yadda ya sani. Sai ya tsaya yana yi wa kansa fatawa, wai ruwa ai ruwa ne, dabba ma sha take yi. Ya wuce ya ɗauki buta.

Kafin hantsin washegari cikin rago ya kumbura kamar salka, yana kwance yana nishi. Aka ɗura masa man gyaɗa, aka ɗura masa kanwa, a banza. Dole aka kira Shu'ibu mahauci ya yanka shi kafin ya zama mushe, ya kwashe naman a arhar banza. Yagana ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta share gindin turke, ta tsinci igiyar nan, ta daɗe tana jujjuya ƙullin a hannunta. Fannami ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya ma fi son ta zage shi.

Ranar Sallah ƙamshin suya ya cika unguwa. Yagana ta ajiye masa tuwo da miyar kuka a babban kwano, igiyar kaba a kan murfin. Ya buɗe ya juya cokali, miya tsararo, ko ƙashi babu.

"Yagana, yau Sallah fa. Wannan miyar ba komai a cikinta?"

"Ɗaga kwanon ka ji, Malam," in ji ta. "Akwai nauyi. Na ƙara ruwa."