Fis ɗin Injin Ƙyanƙyasa

Fis na biyu ma tas ya yi, ya bar baƙin hayaƙi a cikin ɗan gilashinsa. Uwar Kaji, sunan da 'yan gida suka liƙa mata don tsokana har ya bi ta, ta tsaya hannu a ka tana kallon injin ƙyanƙyasarta. Da hantsi aka kawo wuta da wani irin ƙarfi, fanka ta yi kamar za ta tsinke, injin ya ɗauke ɗif. Ga ƙwai cike da faranti, sun kusa ƙyanƙyashewa, ɗuminsu sai raguwa yake. In suka huce, 'yan tsakin da ke ciki sun tafi ke nan.

Ta kira mijinta, direban babbar mota, yana can kan hanya. Ya ce ta naɗa siririyar waya a gurbin fis ɗin, ai kowa haka yake yi. Mutumin da ko gulob bai taɓa canjawa a gidan ba, wai shi ne mai ba da shawara.

Har ta fara ɓare wayar da haƙori sai ta ji gyaran muryar surukinta a bakin ƙofa. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a gyaran rediyo da talabijin, har rawar hannu ta raba shi da sana'ar. Yanzu ko ruwa ba a cika masa kofi. Ita kuwa tun zuwanta gidan, daga gaisuwa ba abin da ke haɗa su.

"'Yata, ajiye wayar nan," in ji shi. "Akwai abin da ke kashe fis ɗin. Kika sa waya, injin ne zai ƙone."

Ya sa ta fara fito da ƙwan ta lulluɓe su da bargo, ta jera kwalaben ruwan ɗumi a gefe, ta zare injin daga soket, sannan ta ɗauko akwatin kayan aikinsa. Ya zauna a kujera, ya matse hannuwansa tsakanin gwiwoyi. Da baki kawai ya yi aikin nan, amma wallahi kamar yana da ido a cikin injin. Ya ce ta jona tsohon gulob a gurbin fis: in ya haska sosai, cutar tana nan. Ta kunna, gulob ya haska fayau.

Ya ce ta kashe, ta duba kusa da inda wuta ke shiga, za ta ga wani ɗan abu shuɗi kamar maɓallin riga. Ga shi kuwa, ya tsage, gefensa ya babbake. Baba ya ce wannan shi ne mai gadi. In wuta ta zo da hauka shi ke shanye ta, yau ta fi ƙarfinsa, ya ƙone ya haɗe wayoyin wuta biyu da ke shiga injin, shi ya sa kowane fis aka sa sai ya mutu. Ta datse shi da filaya, ta sake kunnawa, hasken gulob ya dawo ja-ja, da ƙyar ake ganinsa.

Murna ta kama ta, ta ce bari ta sa fis ta rufe. Ina! Baba ya ce ba a barin inji ba mai gadi, wutar da ta yi haka da hantsi za ta iya maimaitawa da yamma. Ya aike ta ɗakinsa ta ɗauko dogon soket ɗin da yake jona rediyonsa, akwai irin wannan mai gadin a ciki. Ta ce to rediyon fa, Baba? Ya ce labarai ba sa hucewa kamar ƙwai.

Ta kwance soket ɗin, ta ciro mai gadin don ta liƙa a injin. Da ƙarfen narka dalma ya yi zafi, hannun Baba ya miƙa da kansa, irin na sabo. Yatsun suka hau karkarwa, ya janye su a hankali. Tausayinsa ya kama ta ƙwarai, ta sunkuyar da kai kamar ba ta gani ba, ta ɗauki ƙarfen. Liƙin farko ya fito dunƙule, Baba ya leƙa ya ce wannan ai kashin akuya ne, ta sake. Dariya ta suɓuce mata, karo na farko a gabansa. Na biyu ya kwanta sumul yana ƙyalli, Baba ya gyaɗa kai.

Ta karanta masa lambar da ke jikin fis ɗin da ta samo a akwatinsa, ya ce shi ne daidai, ta sa shi ta kunna. Injin ya ɗauka, fankarsa ta fara hura ɗumi. Tana mayar da ƙwan ɗaya bayan ɗaya, sai ta ji wani ɗan kuka siriri a tafin hannunta. Ta kai ƙwan kunnenta, sannan ta miƙa wa Baba.

Ya dubi ƙwan, ya dubi hannuwansa.

"Riƙe min, 'yata."

Ta durƙusa, ta kara masa a kunne. Ya rufe ido yana saurare, har ta ga ƙwalla ta taru a gefen idonsa.

"Da ransa," ya ce. "Maza mayar da shi, kar ya sha iska."