Jan Ƙyallen Hauyar Lado

Wanda bai ga gayyar noma a Gidan Ɗorawa ba, can bayan Burumburum, a shekarun da ake jibge gyaɗa dala-dala a Kano, to sai dai a ba shi labari. Yau kowa ɗan ƙwadago yake nema. A wancan zamani kuwa goro kawai za ka raba, da hantsi ka ga gonarka ta cika da maza har da makaɗi. Allah ya jiƙan mutanen da.

Suna da wata al'ada a garin. Duk wanda ya riga kowa fita kunyar ƙarshe, a ƙotar hauyarsa ake ɗaura jan ƙyalle, shi ke fara sa hannu a akushi, takensa kuma ake fara kaɗawa a gayya ta gaba. Ƙyallen nan ya daɗe a hauyar Lado har ya koɗe. Lado ba shi da shanu, ba shi da doki, ba ya cikin masu karatu. Ƙyallen ne arzikinsa, kuma yana ji da shi, abin har ya so ya yi yawa.

Wata rana aka kira gayyar maimai a gonar dawar Saudatu, matar amininsa Mudi da ya rasu tun kaka ya bar mata marayu. Harƙiya ta cinye gonar har dawa ta fara ja. A cikin masu taya aiki akwai Hamidu, ɗan yayar Saudatu, wani ƙato da ya zo daga Dangora. Ya durƙusa ya gai da Lado.

"Baba, ina kwana? Mun daɗe muna jin labarinku."

"Lafiya lau, yaro. Yau sai ka gani, gani ya kori ji."

Uba makaɗi ya rataya gangar noma, aka duƙa. Tun ana raha har aka daina, don kafin azahar kowa ya gane mutum biyu ne ke gasar. Lado ya ji abin da bai taɓa ji ba, wato numfashin wani a kusa da kunnensa. Ƙugunsa ya riƙe, idonsa ya fara ganin duhu-duhu. Da suka shiga kunyar ƙarshe, sai ya hangi ƙeyar Hamidu a gabansa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

Shi mai noma yakan sa hauya ya yanke ciyawa daga saiwa. Amma akwai wata dabara ta malalata: ka ja ƙasa ka rufe ta da ranta, ka wuce. Ido ba ya ganewa, sai an yi ruwa ta ɗago kai. Lado ya sha yi wa yara faɗa a kan haka. Ranar sai ga hannunsa yana yi, tun daga tsakiyar kunya har bakin iyaka.

Ya riga Hamidu fita. Mata suka rangaɗa guɗa, Uba ya saki takensa yana kirari: "Lado na Tani, ƙi-gudu, maganin harƙiya!" Aka zauna a gindin ɗorawa, aka jera fura da nonon da aka kawo daga ruga. Saudatu da kanta ta ajiye masa akushi.

"Yaya Lado, Allah ya saka. Da Mudi na raye da ya yi alfahari. Bana yaran nan sun ci tuwo."

Lado ya wanke hannu, amma ya kasa kai shi cikin akushin. Ya san ko an yi ruwa ciyawar ta fito, ba mai cewa tasa ce. A kan baƙon yaron za a ɗora, tunda kunyoyinsu na jere. Kuma dawar marayun Mudi ce za ta shaƙe. Ya ce a ransa, girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki.

"Lado, mu fa yunwa muke ji," in ji wani dattijo.

"Ku yi haƙuri, ku biyo ni."

Ya kai su tsakiyar kunyarsa, ya sa ƙafa ya ture ƙasa. Ga harƙiya kore shar a kwance, da saiwarta. Ya matsa gaba ya sake turewa. Nan ma ga ta.

"Aikina ne," in ji shi. "Yaron nan ya riga ni."

Ya sa haƙori ya kwance ƙyallen, don kullin ya daɗe. Hamidu ya ja da baya yana cewa, "Haba Baba, wallahi ba zan iya ba." Lado ya kama hauyar yaron ya ɗaura masa da kansa.

Aka koma aka ci abinci, Hamidu ne ya fara sa hannu. Lado bai zauna ba. Da la'asar jama'a suka watse, ya rage shi kaɗai a kunyar, yana tonon abin da ya binne yana yankewa a hankali. Ƙotar hauyar sai wani farin zobe a inda ƙyallen ya zauna. Ya yi baƙin ciki, babu amfanin ɓoyewa, har hawaye ya gauraya da gumi.

Can sai ya ji ganga a bayansa, ƙasa-ƙasa. Uba ne ya dawo, yana binsa taku-taku, yana kaɗa takensa.

"Uba, ai ba ni da ƙyalle," in ji Lado, bai ɗago ba.

"Na sani, ina wurin. Yi aikinka."

Lado bai sake cin ƙyallen gayya ba har ya bar duniya. Amma tsofaffin Gidan Ɗorawa sun ce daga shekarar nan, in rikicin iyakar gona ya taso, ba a neman kowa ya yi rantsuwa. Cewa ake a kira Lado ya faɗi inda ya sani.