Buhun Silifas

Ina durƙushe ina wanke-wanke ranar da labarin ya iso ni. Maƙwabciyata ce ta shigo ba sallama, ta karɓe tukunyar da ke hannuna ta ajiye, ta ce motar da Auta ta shiga ta yi hatsari, babu wanda ya fita da rai. Ban yi ihu ba. Na dai tuna na ce ta bar ni in ƙarasa ɗauraya.

Auta ita ce ƙaramar 'yata, malamar firamare ce. A bayan layinmu akwai shagon wani dattijo da yara ke kira Mai Tawada. Yana sassaƙa zane a jikin katako, ya shafa tawada, ya ɗora takarda, ya danne da inji. Can take kai yaran unguwa kallo. Da yake katako ya fi ƙarfin hannun yaro, sai ta gano tsohon silifas yana yankuwa kamar sabulu. Duk Asabar tsakar gidana cike take da yara, kowa da guntun silifas da 'yar wuƙa, ni kuma ina faɗan ana ɓata mini daɓe.

Bayan masu ta'aziyya sun watse, na tarar da buhunta na tsofaffin silifas a bayan ƙofa, ya kusa ƙarewa. Wata safiya na ga wari ɗaya a bakin kwata, na sunkuya na ɗauka. Haka na fara tsintar silifas.

Ba a jima ba babban ɗana ya zo, ko zama bai yi ba.

"Mama, me nake ji? An ce an gan ki a bola."

"An gan ni."

"Cewa ake kin taɓu. Ranar Asabar zan zo da mota ki koma wajena. Wannan tarkacen kuma a ƙone shi."

"Wanda ya ce na taɓu ya zo ya faɗa a gabana. Buhun nan kuwa na yaran da ke zuwa Asabar ne, sai dai ka haɗa da ni ka ƙone."

"Ke da ko biro ba kya riƙewa, me za ki koya wa yara?"

Wannan ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Yana fita na ɗauki buhun na nufi shagon Mai Tawada. Ban taɓa shiga ba. Warin tawada ya tare ni tun daga ƙofa, irin wanda Auta ke dawowa da shi a hannun riga. Takardu na rataye a igiya suna bushewa. Na ce masa, "Malam, nuna mini yadda take yi."

Ya sa na sassaƙa zanen kaza a jikin silifas, na shafa tawada, na ɗora takarda. Na ce to ni ba ni da inji a gida. Ya yi dariya.

"Ita ma ba ta da shi. Da bayan cokali take murzawa. Zazzage buhun nan ki gani."

Na zazzage. Cokulana ne a ƙasa, duk waɗanda na yi ta zargin yaran maƙwabta da ɗaukewa, bayansu ya yi baƙi ƙirin. A shagon nan na yi kukan da ban yi ba ranar farko.

Ranar Asabar ɗana ya iso da motar kaya. Ya tarar da tsakar gida babu wurin sa ƙafa saboda yara, igiyar shanyata cike da zanen kifi da jirgi da kyanwa. Yaran suna ta yi mini tsiya wai kazata ta fi kama da buta.

"Mama, direba na jira."

"Ya jira. Tawada ba ta bushe ba."

Wata 'yar yarinya ta ja masa wando. "Kawu, matsa, ka tare mana haske."

Ya matsa. Ya daɗe a tsaye yana kallon igiyar, sannan ya fita. Motar ta koma wayam. Har yau bai ce na yi daidai ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Kullum da safe ina fita da ledata. Masu magana suna yi. In na samu wari ɗaya, in kawo shi gida, in wanke da sabulu, in jingina shi a katanga ya bushe kafin Asabar.