Tarin Goggo

Likita ta zana ƙashi a bayan takardar magani, ta cika tsakiyarsa da ɗige-ɗige.

"Nan ne ɓargo, inda ake yin jini. Garkuwar jikin ƙaninki ce ta juyo kansa tana lalata shi."

"To a ƙara masa garkuwar mana," in ji Inna.

"Kwantar da ita za mu yi, Mama, ɓargon ya samu ya farfaɗo. Amma kafin nan gida ba mai gadi. Mura kaɗai ta isa ta kai shi ƙasa. Ban da 'yan dubiya."

Bayan mako uku aka sallamo Auta. Na cire labulen ɗakinsa, na wanke ƙasan da maganin kashe ƙwayoyin cuta, na kafa kujera a bakin ƙofa. Abokan aikinsa na gareji ta taga suka gaishe shi. Maƙwabta suka ce karatu ya cinye mini zumunci. Ban musa ba.

Ranar Talata na fita karɓo magani, layi ya riƙe ni. Da na dawo na ga baƙin takalma a ƙofar ɗakin. Goggo ce, yayar mahaifinmu, zaune a bakin gado, hannunsa cikin nata.

"Ga 'yar sandan gidan ta dawo," ta ce.

Inna ta jawo ni gefe. "Mota biyu ta hau. Da wane baki zan ce ta koma?"

Goggo ta yi tari mai kauri, daga ƙirji, a gefen mayafinta.

"Ba komai ba ne. Kwana uku ke nan, ya ma kusa tafiya."

Auta ya dube ni. A hankali ya zare hannunsa.

"Goggo, tashi mu fita," na ce.

"Ni? Ni na yi masa wankan farko, ke kina yawo ba wando."

"Na sani. Tashi."

Ta fita, ko ruwan gidan ba ta sha ba.

Laraba lafiya lau. Alhamis da hantsi Auta ya ce a rufe taga, alhali a rufe take. Na taɓa goshinsa, na kira likita. Ba ta bari na gama magana ba.

"Ku taho yanzu."

A cikin tasi haƙoransa suna ta haɗuwa, leɓensa ya yi fari fat. Inna ta kasa kallona.

"Minti goma kawai ta yi," ta ce. "Minti goma zai iya?"

"Riƙe masa kai," na ce. "Direba, bi ta baya, gaba a cunkushe take."