Tsagar da Ke Ƙarƙashin Fenti

Magini ya tsaya a bakin tsagar, cokalin gini a hannu, ya ma manta abin da ya kawo shi. Jiya-jiya titi ne a nan shimfiɗe. Yau rabinsa ya nutse har gwiwa, kwalta ta rabu biyu kamar an sa wuƙa. Tsagar ta miƙe ɗoɗar, ta bi gindin tudu, ta ratsa gonaki, ta tafi iyakar ganin ido, can inda fili ya haɗu da sama. Saiwoyin wata bishiya sun ɗaure tamau tsakanin gaɓa da gaɓa, suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ya jefa dutse, ya kasa kunne, bai ji saukarsa ba. Ashe ƙasar da ake takawa da gadara ita ma tafiya take yi.

"Ikon Allah," ya ce a hankali.

Sai mai rukunin gidajen da yake wa aiki ya danna masa hon. Titi za a cike shi da jar ƙasa, in ji shi, shi dai Magini ya toshe tsagar da ke bangon gidan ƙarshe kafin masu saye su zo. Magini ya san tsagar nan ce ta shige ƙarƙashin gidan. To amma wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ya jiƙa takardun buhun siminti ya cusa, ya shafe, ya bi da fenti. Aikinsa akwai kyau, ko maƙiyi ya shaida.

* * *

Ba a jima ba ƙanwarsa ta kira shi cike da murna. Ta sayar da gonar da mijinta ya bar wa marayu, ta saya musu gida, ta ɓoye masa don ta ba shi mamaki. Tana kwatanta wurin, ya gane gidan ƙarshen nan ne da ya shafe.

Ya same ta a sabon gidan tana jera kwanuka. Ya ce akwai magana game da bangon nan.

"Ai an gaya min, Yaya," ta ce tana dariya. "Mai gidajen ya ce kai ka yi aikin da hannunka. Shi ya sa ko tambaya ban yi ba."

Kunya da tsoro suka rufe shi. A tsakiyar falo autarta ta ajiye ƙwallo a ƙasa, ta janye hannu. Ƙwallon ya gangara da kansa, sannu a hankali, har ya jingina da bango.

"Kawu, duba, gidanmu yana wasa da ni."

Ta ruga ta ɗauko, ta sake ajiyewa.